Na sa sabon zare a raket ɗina, gwiwar hannuna ta fara tsami

Tambaya: Malam, ina buga tanis sau uku a mako a filin siminti a nan Kano, shekaruna sun ɗan haura 45. Tun da na fara, zaren nailan ake saƙa mini a raket, ana ɗaure shi da ƙarfin kilo 26, kuma yakan kai wata huɗu ko biyar kafin ya tsinke. Kwanan nan wani aboki ya kawo mini tsarabar zaren foliyesta, irin wanda manyan 'yan wasa ke amfani da shi, mai saƙa ya ɗaure shi a kilo 26 ɗin da na saba. Ranar farko raket ya taurare, ƙwallo tana faɗuwa gajere. Yanzu mako uku ke nan, ƙwallon ta koma wuce layi, gwiwar hannuna kuma tana tsami da safe. Zaren ne ba shi da kyau, ko ni ne ban saba ba? Kuma yaya ake gwada sabon zare har mutum ya san ya dace da shi?

Amsa: Ɗan'uwa, kafin mu shiga dogon bayani, ka ɗauki almakashi ka yanke zaren nan yau, kada ka sake fita fili da shi. Ka fara yankan daga tsakiyar raket, na tsaye ɗaya, na kwance ɗaya, kana faɗaɗawa zuwa gefe, don kada ɓangare guda ya saki ɗaya ya ci gaba da jan firam ɗin har ya karkace. Na san abin da zai zo maka a rai: ai bai tsinke ba, ko alamar ci babu a jikinsa, ga shi tsaraba ce mai tsada. Duk da haka ka yanke. Idan kowace fita kana yin awa ɗaya da rabi, ka riga ka yi kusan awa 14 a kansa, kuma yawancin foliyesta tsakanin awa 10 zuwa 20 yake mutuwa. A wajenmu masu saƙa, idan muka ce zare ya mutu, muna nufin ya daina miƙewa ya dawo yadda yake. Yana nan a raket lafiya lau a ido, amma duk dukan da ya kamata ya shanye, hannunka yake miƙa wa.

Zaren da aka kawo maka ba lallai ya zama maras kyau ba. Abubuwa biyu ne suka haɗu: an ɗaure shi da ƙarfin da bai kamata ba, sannan tun asali ba irin bugunka aka yi shi domin sa ba.

Zaren da aka fara buga tanis da shi na hanji ne. A 1875 Pierre Babolat, wanda gidansu ke yin tsirkiyar kayan kiɗa a birnin Liyon na Faransa, ya fara yin zaren raket ɗin tanis daga hanjin dabba, kuma har yau ana yin sa daga hanjin saniya. Babu zaren da ya kai shi laushi a hannu ko riƙe ɗauri, sai dai tsada da rashin son laima. Daga baya nailan ya zo, mai araha, shi ne wanda kake amfani da shi, sai kuma wanda ake murɗa ɗaruruwan ƙananan silili a manne su wuri guda don a kwaikwayi laushin hanji. Foliyesta kuwa sili ɗaya ne tak mai tauri. Duniya ta san da shi sosai a 1997, lokacin da Gustavo Kuerten na Brazil, yana ɗan shekara 20, yana na 66 a jerin gwanayen duniya, ya lashe Roland Garros, babbar gasar tanis ta Faransa, da zaren foliyesta na Luxilon, wani kamfanin Beljiyam. Mutane suka ga yana narka wa ƙwallo duka da dukkan ƙarfinsa, ta tashi sama kamar za ta fita, sai ta nutse cikin fili. Bayan 'yan shekaru kusan kowane ƙwararre ya koma kansa, ko zalla ko haɗe da wani.

Dalilin wannan nutsewar shi ne ya kamata ka fahimta, domin a nan amsarka take. Ƙwallo ba ta wuce kashi 4 ko 5 cikin 1,000 na daƙiƙa a kan zare. A cikin wannan ɗan lokacin, idan raket ya goge ta daga ƙasa zuwa sama da sauri, zarurrukan tsaye suna zamewa gefe a kan na kwance, sannan su dawo wurinsu da ƙarfi tun ƙwallon ba ta bar raket ba. Wannan dawowar ce ke ƙara mata juyi. Foliyesta yana da santsi da tauri, shi ya sa yake zamewa ya dawo nan take. Nailan kuwa yana zamewa ya maƙale, shi ya sa kake ganin masu amfani da shi suna gyara zare da yatsa bayan kowane maki. To amma kafin zaren tsaye mai tauri irin wannan ya zame, sai an kawo raket da gudu sosai. Mai bugun da ke tura ƙwallo a miƙe, ko mai matsakaicin gudu, ba zai motsa shi yadda ya kamata ba. Sai ya kwashi taurin, bai sami juyin ba.

Ga ma'aunin da nake amfani da shi, kuma ka riga ka ba ni amsarsa a cikin tambayarka. Mutumin da ke goge ƙwallo da ƙarfi yana cinye nailan cikin awanni kaɗan, mako ɗaya ko biyu ya tsinke a tsakiya, inda zarurruka ke gugar juna. Kai nailan yana yi maka wata huɗu zuwa biyar kana fita sau uku a mako. Wannan ya nuna mini bugunka mai tsabta ne, a miƙe, ba mai yawan goga ba. Wannan ba aibi ba ne ko kaɗan, da irin bugun nan ake cin wasa a kowane kulob. Amma yana nufin babbar fa'idar foliyesta, wato jure tsinkewa da ƙarin juyi, ba ka da buƙatar ta farko, ta biyun kuma kaɗan za ka samu.

Sai maganar ɗauri. Mutane da yawa suna ɗauka cewa ɗauri mai ƙarfi shi ke sa ƙwallo gudu. Akasin haka ne. Dokar hukumar tanis ta duniya ta ce idan aka saki ƙwallo daga tsayin santimita 254 a kan siminti, ta tashi tsakanin santimita 135 zuwa 147. Ka ga ke nan duk lokacin da ƙwallo ta matse, kusan rabin ƙarfin ya salwanta. Zare kuwa yana mayar da kusan duk ƙarfin da ya karɓa. Don haka idan saƙar ta yi laushi, zaren ne ke lotsawa, ƙwallon ba ta matsewa sosai, sai ta tafi da ɗan ƙarin gudu, ta kuma tashi sama kaɗan, ta faɗi da zurfi. Idan saƙar ta yi tauri, ƙwallon ce ke matsewa, ta faɗi gajere. Abin da ka gani ranar farko ke nan. Foliyesta a kilo 26 ya fi nailan a kilo 26 tauri nesa ba kusa ba, shi ya sa ƙa'idar da aka saba ita ce a rage kusan kashi 10 cikin 100 idan za a koma kansa. Da a kilo 23 aka ɗaure maka, ko ma 22, da labarin ranar farko ya bambanta. Wucewar layin da kake gani yanzu kuma, ɗaurin ne ya zube, domin foliyesta ya fi kowane zare saurin sakin ɗauri, ga shi ya daina dawowa, juyin da ke nutsar da ƙwallo ya tafi.

Kada lambobin manyan 'yan wasa su ruɗe ka. Rafael Nadal ya daɗe yana buga RPM Blast, zaren foliyesta na kamfanin Babolat mai kaurin milimita 1.35, a kilo 25, amma shi, kafin ya yi ritaya a 2024, kowane wasa da sabuwar saƙa yake shiga, a tsakiyar wasan ma yana canza raket. Ba ya taɓa buga zaren da ya kai awa 14. Roger Federer, lokacin da yake wasa kafin ya yi ritaya a 2022, da Novak Djokovic kuwa hanji suke sawa a tsaye, foliyesta a kwance kawai. Adrian Mannarino na Faransa an san shi da ɗauri ƙasa ƙwarai, wajen kilo 10, yana kuma cin wasa a matakin duniya. Tsakanin waɗannan mutane babu lamba ɗaya da za a ce ita ce daidai, kowa abin da ya dace da hannunsa ya bi.

Yanzu ga yadda ake gwaji. Abu mafi muhimmanci, ka canza abu ɗaya kawai a lokaci guda. Yawancin waɗanda ke zuwa wurina da ƙorafi sun canza zare, sun canza kauri, sun canza mai saƙa, wani har da sabon raket, duk a rana ɗaya, sannan suna so a gaya musu me ya jawo. Idan irin zare za ka gwada, ka bar kauri yadda yake. Idan ɗauri za ka gwada, ka bar zaren, ka matsa da kilo ɗaya, iyaka biyu. Togaciya ɗaya ita ce wadda na faɗa: idan za a tashi daga zare mai laushi zuwa foliyesta, dole a rage ɗaurin tare.

Ka riƙe mai saƙa ɗaya da na'ura ɗaya. Wannan abu ne da 'yan wasa ba su cika sani ba. Akwai na'urar da ake juyawa da hannu, da zarar ta kai lambar da aka saita sai ta kulle ta daina ja. Akwai ta lantarki da mai ƙarfe mai nauyi, waɗanda ke ci gaba da ja yayin da zaren ke miƙewa. Kilo 24 a kan ta biyun yana fitowa da tauri fiye da kilo 24 a kan ta farkon. Hannun mai saƙa ma yana da tasiri: yadda yake kama zaren, saurinsa, yadda yake ƙulli. Don haka lambar da aka ba ka a wuri ɗaya ba ta zama daidai da ta wani wuri ba. Ka kuma tambaye shi ko kilo yake nufi ko fam, domin wasu na'urorin da fam suke aunawa. Kilo ɗaya fam 2.2 ne, kilo 23 kusan fam 51 ke nan.

Idan kana da raket biyu iri ɗaya, ka sami gata. Ka sa tsohon zarenka a ɗaya, sabon a ɗayan, a saƙa su rana ɗaya. Kuskuren da aka fi yi shi ne a kwatanta sabon zare da tsohon da ya yi wata biyar a raket. Duk abin da aka saƙa jiya zai fi wanda aka saƙa a watan Janairu daɗi, ko da iri ɗaya ne, sai mutum ya yi ta yabon sabon kamfani alhali sabuntar ce kawai yake ji. Idan raket ɗaya gare ka, to ka fara da sabuwar saƙa ta nailan ɗinka, ka rubuta yadda ka ji ta a awannin farko, sannan ka gwada sabon daga baya ka kwatanta da rubutun.

Ka bar raket ya kwana bayan saƙa. Zare yana sakin kusan kashi 10 cikin 100 na ɗaurinsa a cikin awa 24 na farko ko ba a taɓa shi ba, daga nan ya ɗan daidaita. Ka fita da sabbin ƙwallaye, irin waɗanda ka saba, a filin da ka saba, da abokin bugun da ka san ƙwallonsa. Ƙwallon da ta huce ko gashinta ya ƙare za ta ɓata maka gwajin gaba ɗaya. Ka cire robar nan da ake maƙalawa a ƙasan zare, aƙalla na ɗan lokaci. Ƙara kawai take kashewa, ba ta rage dukan da ke isa gwiwar hannu, kuma tana ɓoye maka abin da ya kamata ka ji.

A fili, kada ka fara da wasan maki, domin idan ana ƙirga maki hankalinka yana kan cin wasa. Ku tsaya a layin baya ku yi ta musayar ƙwallo a karkace, da bugunka na kullum, ba tare da ka ƙara ƙarfi ko ka rage ba. Abin da za ka lura da shi shi ne inda ƙwallonka ke sauka: tana wuce layin sabis da kyau ta faɗi kusa da layin baya, ko tana tsayawa a tsakiya? Idan ka ga kana ƙara ƙarfi don ka kai ta inda ka saba kaiwa, zaren ya yi maka tauri. Idan ka ga kana riƙe hannu don tsoron kada ta fita, ya yi laushi da yawa ko ɗaurin ya yi ƙasa. Daga nan ka matso raga ka tare 'yan ƙwallaye, nan ne zare mai tauri ke bayyana halinsa, sai ka ji ba ka san inda ƙwallon ta taɓa ba. Sannan sabis na biyu, wanda shi ne bugun da ya fi dogara da juyi. Abin da na fi ba muhimmanci kuma shi ne ƙwallon da ba ta sami tsakiyar raket ba. Kowane zare yana da daɗi idan an buga a tsakiya. Ka lura da abin da hannunka ke ji idan ta taɓa kusa da firam, domin a wasa na gaskiya irin wannan bugun ya fi yawa fiye da yadda muke so.

Kada ka yanke hukunci a ranar farko, ko na yabo ko na suka. Ka sami ɗan littafi ko ka buɗe wuri a wayarka, ka rubuta sunan zare, kauri, ɗauri, ranar saƙa, sannan bayan kowace fita ka ƙara layi ɗaya: awa nawa, ƙwallo tana sauka ina, hannu ya kwana yaya. Wannan na ƙarshen washegari da safe ake rubuta shi, domin jijiya ba ta cika yin ƙorafi tana da ɗumi ba. Akwai manhajojin waya da ke sauraron ƙarar zare idan ka ƙwanƙwasa shi, su kimanta ɗaurin, kamar yadda mai gurmi ke gane tsirkiyarsa ta saki daga amonta. Lambar da suke bayarwa ba lallai ta yi daidai da ta na'ura ba, amma suna nuna maka yadda ɗaurin ke sauka daga mako zuwa mako, wannan kuwa shi ake nema. Ga foliyesta akwai gwaji mai sauƙi da yatsa: ka ja zaren tsaye na tsakiya gefe ka saki. Idan ya koma wurinsa da kansa, da sauran rai. Idan ya tsaya inda ka kai shi, ko ka ga ya ci rami a inda suke haɗuwa, lokacinsa ya yi. Zaren da ya yi daɗi awa 3 ya lalace a awa 6 bai dace da mutumin da ke saƙa raket sau uku a shekara ba, komai daɗinsa.

Yanayinmu ma yana shiga lissafi. A zafin Maris zuwa Mayu, lokacin da Kano ke haura digiri 40, zare yana laushi, ƙwallo tana ƙara tashi, don haka saƙar da ta yi daidai a sanyin Disamba za ta iya zama kamar ta saki. Ƙarin kilo ɗaya yakan gyara. Kada ka taɓa barin raket a cikin mota a rana, awanni kaɗan a but sun isa su zubar da ɗaurin da aka saƙa jiya, kuma ba ya dawowa idan ya huce. Ƙurar hunturu tana shiga tsakanin zarurruka ta cinye santsin da foliyesta ke aiki da shi, don haka a goge shi da ƙyalle bayan wasa. Idan ka je buga wasa a Jos, inda tsayin ƙasa ya kai wajen mita 1,200, ƙwallo za ta fi tafiya saboda iskar ba ta da kauri, kada ka ɗora wa zare laifin.

To me za ka sa yanzu? Ni shawarata, ka koma zare mai laushi har hannun ya warke sarai. Ko nailan ɗinka, ko mafi kyau mai silili da yawa, kaurin milimita 1.30, a kilo 24, ƙasa da abin da ka saba da kilo biyu. Ina ganin ko da ba a yi maganar foliyesta ba, kilo 26 ya ɗan yi yawa ga mai shekarunka da ke buga siminti sau uku a mako. Idan bayan nan har yanzu ranka yana son ka ɗanɗana abin da ake yabo, ka bi hanyar haɗi: mai laushin a tsaye a kilo 24, foliyesta siriri mai santsi, milimita 1.20 ko 1.25, a kwance a kilo 22. Zaren tsaye ne ke ɗaukar mafi yawan aikin, don haka laushin zai rinjaya, na kwancen kuma zai ba shi wurin zamewa. Fakiti ɗaya mita 12 ne, rabinsa ya isa ɓangare ɗaya, ka ga fakiti biyu sun ba ka saƙa biyu. Ka guji foliyesta mai kusurwa a kwance, yana yanka zare mai laushi da wuri. Kuma ka sayi zare a wurin da ka amince da shi, domin akwai jabu na sanannun sunaye a kasuwa.

Abu ɗaya nake roƙonka, tunda ka ce tsaraba ce kuma wataƙila akwai saura: kada ka ba yaro. Ina ganin yara 'yan shekara 10 ko 12 da foliyesta zalla a raket saboda iyaye suna gudun kuɗin saƙa, abin yana damuna ƙwarai. Hannun yaro bai gama ƙwari ba, bugunsa bai kai ya motsa zaren ba, kuma zai zauna a raket ɗin wata shida a mace.

Game da gwiwar hannun, ka huta da tanis mako ɗaya ko biyu. Idan ciwon a gefen waje yake, kuma kana jin sa idan ka ɗaga buta ko ka murɗa mariƙin ƙofa, jijiyar da ke ɗaga wuyan hannu ce ta gaji. Irin wannan ciwon idan aka kama shi da wuri yana lafawa, idan aka yi ta bugu a kansa yakan ja watanni. Idan hutun bai kawo sauƙi ba, ka ga likita ko mai gashin ƙashi na asibiti. Ka kuma sa mai koyarwa ya duba bugunka na bayan hannu da girman mariƙin raket ɗinka, domin wani lokaci matsalar tana nan tun da, zaren ne kawai ya fito da ita. Ranar da za ka koma fili, ka fara da rabin awa da sabuwar saƙa mai laushi, ba sabis mai ƙarfi, ka jira ka ji yadda hannun ya kwana kafin ka ƙara lokaci.